Labarin Yana da Tsawo, Umma

Shekarar da aka ɗauke Malama daga makarantar unguwarsu aka kai ta wata mai nisan tafiyar yini guda a mota, ɗanta yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Da ta isa sabon wurin, shugaban makaranta ya duba jadawali ya ce, "Aji biyu za ki riƙe, darasin karatu da rubutu." Ta ce to, ta yi godiya, ta fita. Sai da ta tsaya a gaban ajin ta ga abin da aka yi mata. Ɗaki cike da yara, duk sa'o'in ɗanta, masu irin wuyansa da irin kunnuwansa, har da irin yadda yake tauna gindin biro idan tambaya ta sha masa kai.

Ba ta taho da shi ba. Ɗaki ɗaya aka ba ta a gidajen malamai, shi ma su biyu ne da malamar lissafi, labule ne ya raba gadajensu. Maigidanta mai gyaran firij ne, shagonsa ba ya ɗaukuwa a ka, masu kawo masa aiki kuma duk a can suke. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune tare da su. Aka zauna aka yanke shawara cikin lalama: yaro ya ci gaba da karatunsa inda ya saba, Malama ta riƙa zuwa hutu, a kuma nemi a dawo da ita kusa. Kowa ya ce shawarar ta yi. Ita ma ta ce ta yi.

Babana take ce wa yaron, don sunan mahaifinta ya ci. Shi kaɗai Allah ya ba su.

Aikin zangon shi ne yara su iya karanta abu su faɗe shi a gajarce, su iya haɗa abin da marubuta biyu suka ce a kan magana ɗaya, daga nan su auna wanne ne abin kamawa. A takarda layi ɗaya ne. A cikin aji kuwa, ƙarƙashin fanka mai juyawa kamar an yi mata dole, sai ka ce dutse aka ce su ɗaga. Idan ta ce a taƙaita shafi, rabinsu sai su kwafe layin farko da na ƙarshe su miƙo. Sauran su kwafe shafin gaba ɗaya da mitsi-mitsin rubutu, a zatonsu ƙanƙantar haruffa ita ce taƙaitawa. Shugabar wannan ɓangare wata 'yar siririya ce mai zama a layin gaba, wadda tun kafin zuwan Malama aka laƙaba wa Rediyo, saboda in ta buɗe baki sai an nemi wurin kashewa.

Wata safiya Malama ta karanta musu labarin wata yarinya da ta ɓace a babban asibiti tana neman ɗakin da aka kwantar da kakarta, har wata nas ta kama hannunta ta kai ta. Ta rufe littafin ta ce, "Rediyo, tashi. Ki ɗauka ƙanwarki na bakin ƙofa, ta riga ta sa takalmi, ƙawayenta na kiranta a waje. Me za ki gaya mata a kan labarin nan kafin ta fice?"

"Malama, cewa zan yi ta cire takalmin ta zauna."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ma sai da ta juya ta fuskanci allo.

"Ba za ta zauna ba. Faɗi."

Rediyo ta ja numfashi ta faro daga ƙofar asibitin. Ta faɗi launin rigar yarinyar, ta faɗi mutumin da ke barci a benci baki buɗe, ta zo kan takalmin nas ɗin, wanda ƙafa ɗaya ke kuka ƙiii-ƙiii duk taku, har ta kwaikwayi kukan. Ba ta kai ga kakar ba aka buga ƙararrawa.

Wani mai faɗin goshi a layin baya, wanda ake kira Lauya don ba a taɓa yin magana ya bar ta ta wuce lafiya ba, ya ɗaga murya ya ce, "Malama, ƙanwar nan ta je ta dawo, har ta gama jami'a."

Malama ba ta gaji ba. Washegari ta rubuta musu a allo: labarin wa ne, me ya same shi, yaya aka ƙare. Ta ce, "Duk abin da za ku zare labarin bai rushe ba, ku zare shi. Abin da in kun taɓa shi komai ya zube, shi ne ginshiƙi, shi za ku bari." Ta sa su bibbiyu, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya yi kamar mai sauri yana kallon ƙofa. Aka yi ta yi, ana faɗa ana dariya, har abin ya fara zama.

Ranar da Rediyo ta kawo nata, layi uku ne cif, ba abin da za a ƙara ko a rage. Amma ta ajiye littafin a tebur baki a zumɓure.

"Ga shi, Malama. Sai dai abin da na fi so shi na yar."

"Takalmin?"

"Takalmin."

"Yana nan cikin littafi, bai je ko'ina ba. Wanda ya so sai ya buɗe ya same shi."

"To wanda ba shi da littafin fa?"

Malama ta rufe littafin ta miƙa mata. Ta ba ta maki mai kyau ta ce ta koma ta zauna.

Da yamma, idan an tashi makaranta ta yi tsit sai ƙarar tsintsiyar masu shara, Malama kan je ta zauna a matakalar ɗakin gwaje-gwaje, don nan kaɗai waya ke kamawa sosai. Ta kira wayar Inna a ba ta yaron.

"Babana, ya makaranta?"

"Lafiya lau."

"Ka ci abinci?"

"Eh."

"Aikin gida fa?"

"Na yi."

"Ba wani labari?"

"Babu. Ga Inna."

Wannan fa shi ne yaron da a da yake biyo ta har madafa yana ba ta labarin wasan ƙwallo tun daga ɗaurin igiyar takalmi, tana yanka albasa yana zagaye ta, har sai ta ce, Babana, kunnena ya ƙoshi, ka rage na gobe. Yanzu sai ta yini tana roƙon 'ya'yan mutane su rage magana, ta yi yamma tana roƙon nata ya ƙara. Idan ya miƙa wayar takan ci gaba da kasa kunne, ko za ta ji takunsa, ko ƙarar ƙofar da ba ya iya rufewa a hankali.

Da zango ya yi tsakiya sai ma ta daina samunsa. Ta kira a ce bai dawo ba. Ta sake kira a ce yana wanka. Rannan Inna ta gyara murya, irin gyaran da Malama ta sani.

"'Yar nan, ni dai ba na son tayar miki da hankali, kina can kina neman na kanki. Amma yaron nan ya canja. Abinci in na zuba masa sai ya tsakura ya ture. Ana tashi makaranta ba ya zama, sai rana ta kusa faɗuwa ya shigo. Ya rame, wuya duk ya fito. In na yi magana ya ce ba komai. Uban kuwa ka ce da bango kake. Rashin uwa ne, ni na san shi."

Malama ta kashe wayar, ta kira maigidanta. Ta ji ƙarar ƙarfe, ta ji ya ce wa wani ya riƙe nan, sannan ya dawo kanta.

"Wace rama? Yaro na girma ne kawai. Lafiyarsa lau. Kin san Inna, so take ki dawo, in ta ga ƙuda ya sauka a kansa sai ta ce ungulu ce."

"Ina yake zuwa da yamma?"

"Wajen abokai mana. Ke ba ki yi ƙawaye ba? Kwantar da hankalinki. Bari in sallami mutumin nan, kifinsa na narkewa."

Ta zauna a matakalar har masu shara suka gama suka tafi. Inna ba ta ƙarya, amma tana ƙara gishiri. Maigidan ma ba ya ƙarya, sai dai yana fita yaro na barci, ya dawo a gajiye.

A makon nan ne kuma suka shiga haɗa rubutu biyu. Ta raba musu takarda mai shafi biyu a kan wani tsohon filin ƙwallo da ake son mayarwa shaguna. Shafin farko na wakilin masu ginin ne, ya ce filin kango ne, ba kowa sai ciyawa da leda. Na biyu na wani mazaunin unguwar ne, ya ce filin kullum cike yake da yara, in aka ƙwace shi an kashe su da rai.

Ta ce, "Kafin ku ce komai, ku nemo mini inda bakinsu ya zo ɗaya."

Aka yi ta lalube. Wani ya ce dukansu sun yarda akwai fili. Wata ta ce dukansu sun ce katangar ta rushe. Malama ta ja layi a tsakiyar allo, abin da suka haɗu a kai ta rubuta a kan layin, inda suka rabu ta ajiye kowa a ɓangarensa.

Lauya ya miƙe tun ba a ba shi dama ba. "Malama, magana ta ƙare. Ɗaya maƙaryaci ne."

"Wanne?"

"Mai shaguna mana. Shi zai ci riba."

"Na biyun ba abin da yake so?"

Yara suka koma kan shafi na biyu. Rediyo ta duba takardar ta ce, "Ya ce ɗansa ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon unguwar."

"To kun gani. Kowa da abin da yake so ya faru. Wannan bai sa ya zama maƙaryaci ba, amma ya sa mu buɗe ido. Yanzu ku duba mini, yaushe kowannensu ya je filin?"

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga yatsa a hankali. Ta ce na farkon ya rubuta cewa da hantsi ya je, lokacin kuwa yara na makaranta. Na biyun da yamma yake zuwa.

Aji ya ɗauki "Ooo!" Malama ta ji daɗin da malami ke ji idan ƙofa ta buɗe da kanta. Amma Lauya bai zauna ba.

"To Malama, maimakon duk wannan wahala, mu je filin mu gani mana."

"Filin na cikin takarda, Lauya."

"Ai kuwa ba za mu taɓa sanin gaskiyar ba ke nan. Sai dai mu yi ta canka."

"Zauna!" Malama ita kanta sai da muryar ta ba ta tsoro. Yaron ya zauna yana kallonta da mamaki, don ba ta taɓa daka masa tsawa ba. Ta juya ta goge allon da ba a gama kwafewa ba.

A ɗaki malamar lissafi ta leƙo ta gefen labule ta ce, "Ƙawata, rigar nan da kike gogewa ta yi laifi ne? Tun ɗazu hannu ɗaya kike bi." Malama ta ajiye dutsen guga ta ba ta labari. Malamar lissafi ta ce, "Je ki ga ɗanki. Zan riƙe miki ajin ranar Juma'a. In Rediyo ta fara sai in ba ta lissafin rabawa, shi kaɗai ke rufe mata baki."

Shugaba ya ba da izini. Ba ta gaya wa kowa a gida ba.

Ta isa da la'asar, ƙafafu a kumbure saboda zaman mota. Shagon maigidanta na kan hanya, sai ta fara biyawa. Firij-firij ne jere a bakin ƙofa, bakuna a buɗe, wasu ba marfi. Ta hango ƙafafunsa sun leƙo daga bayan wani babba. Ta yi sallama. Ya fito da sukuddireba a baki, ya tsaya yana kallonta, sannan ya cire.

"Ikon Allah. Wa ya mutu?"

"Ina Babana?"

Ya goge hannu a tsumma. "Yanzu dai yana gidan su Gajere, abokinsa. Bayan kantin maganin nan, gidan bene, ɗakin ƙasa. Uwar tela ce, mutuniyar kirki."

"Ka sani, ba ka faɗa mini ba?"

"Na ce miki lafiyarsa lau. Ƙarya na yi? Kawo jakar."

Ba ta ba shi ba. Ta ma manta tana riƙe da ita.

Ƙofar ɗakin telar a buɗe take, labule ne kawai a sake. Kafin ta yi sallama ta ji murya daga ciki. Da fari ba ta gane ta ba. Murya ce mai kauri da ke tsinkewa a tsakiyar kalma ta koma siririya. Sai da mai maganar ya yi dariya ta gane, don dariyar ba ta canja ba.

"…sai Malamin Kimiyya ya ce kowa ya matsa baya, abin nan ba wasa ba ne. Ya ɗaura balan-balan ɗin a bakin kwalba. Shiru. Muna kallo, shi ma yana kallo. Sai Mai Kunne ya ce, Malam, ko dai sai an roƙe ta? Mama, tsaya ki ji, ban ma zo wajen ba tukuna!"

"Ina ji, ɗan nan, tsaya cak kada in soke ka."

Ta gefen labulen Malama ta gan shi. Yana tsaye a kan wata 'yar kujera cikin wandon makaranta, wata mata mai jiki ta durƙusa da allurai a baki tana sake masa ƙafar wandon. Wani ɗan guntun yaro na kwance a kan tarin yadi yana riƙe ciki don dariya. A ƙasa ga faranti biyu an share su tas. Hannuwan ɗanta na yawo a iska, yana kwatanta kwalba, yana kwatanta fuskar malami, bai bar komai ba.

Ta tsaya ta ji har inda balan-balan ta fara kumbura. Ta so ta ji ƙarshe, amma ta ji kunyar tsayuwa a bayan labulen mutane. Ta yi sallama.

"Umma!"

Ya diro daga kujerar, allurai na reto a ƙafar wando. Ya taho a guje, sai kuma ya ja birki a gabanta kamar ya tuna ya girma. Ya karɓi jakar. Ta miƙa hannu za ta shafa kansa, hannun ya sauka a kafaɗa, don kan ba ya inda ta bar shi.

Telar ta tofar da allurai a tafin hannu ta miƙe. "Lale, lale! Ke ce Malama! Kai, kamar an tsaga kara. Shigo, 'yar'uwa, ki yi haƙuri da ɗakin, tsummoki sun cinye mu. Wandon ne na ga ya ɗage har idon sawu na leƙe, na ce ya tsaya in sake masa." Ta kwashe yadi daga kan kujera, ta tura Gajere ya kawo ruwa. "Kullum zancenki ne a ɗakin nan. Umma ta ce kaza, Umma ba ta yin kaza. Har mun haddace ki."

Malama ta dubi ɗanta. Yana kallon ƙasa. Ba ta san ko gaskiya ce ko kara ce irin ta mata ba. Ta karɓa hannu biyu, ta sha ruwan, ta yi godiya har sai da matar ta ce ya isa. Da a ce matar ta yi mata wani gani-gani, da ta samu abin riƙewa a zuciya. Ba ta samu ba.

A hanyar gida yana gaba da jaka tana biye. Takunsa ya buɗe, sai ya riƙa tsayawa yana jiranta.

"Babana, yaya aka ƙare da balan-balan ɗin?"

"Kin ji?"

"Na ji rabi."

"Ba wani abu ba ne."

"Me ya sa ba ka ba ni irin wannan a waya?"

Ya sauya wa jakar hannu. Suka wuce kantin magani, suka wuce mai faci. Can ya ce, "Labarin yana da tsawo, Umma. In na ce Mai Kunne, sai kin ce waye Mai Kunne. In na ce Malamin Kimiyya, tsohon kika sani, an canja shi. Kafin in gama gaya miki su waye, abin dariyar ya huce. Ga Inna kuma tsaye a kaina tana jiran waya."

Ba da fushi ya faɗa ba, ba kuma da zargi ba. Bayani kawai ya yi mata, kamar wanda baƙuwa ta tambayi hanya. Malama ta matso kusa da shi. Ta rage murya.

"To waye Mai Kunne?"

Ya dube ta ya ga da gaske take. Ya fara a ɗarare, sannan ya ɗan saki jiki. Mai Kunne sabon zuwa ne, kuma ba kunnensa ne babba ba, jin gulma ne da shi. Ta yi dariya. Ya ce, "A'a Umma, ba nan ne wurin dariyar ba." Ta yi shiru ta jira wurin. Ba su kai gare shi ba suka iso ƙofar gida, Inna ta fito tana salati.

"Ga shi nan, kin gani da idonki! Dubi wuya!"

Malama ta duba. Ba rama ba ce, miƙewa ce. Amma ta kuma ga kwanon da Inna ta rufe a kan tebur tun rana, ta ga kujerar da tsohuwar ke ja kusa da taga tana jiran motsin ƙofa. Ta ce, "Gaskiyarki, Inna, sai an sa masa ido." Daga baya ta ja yaron gefe ta ce daga yau in an tashi makaranta gida zai fara zuwa, ya ci abin da kakarsa ta dafa, ya zauna da ita ko kaɗan ne, sannan ya tafi inda za shi. Ya ce to.

Washegari Asabar ta tashi da wuri ta wanke duk abin da ta samu, har da wanda ba ya buƙatar wanki. Ta fito da kayansa ta ware waɗanda suka yi masa kaɗan, suka fi rabi. Maigidan ya makara da gangan, ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi yana kallonta tana shanya.

"An zo saboda yaro. Mu kuwa ko oho."

"Kai ai lafiyarka lau."

"Haka na ce miki?"

Ta juyo. Ya yi murmushi da gefen baki ya kurɓi shayinsa. Sai a lokacin ta lura furfura ta fito masa a gefen kunne, wadda ba ta bari ba.

Yaron ya yini kusa da ita. Ya riƙe mata bokiti, ya nuna mata littattafansa, ya ƙarasa mata labarin balan-balan, wadda ashe fashewa ta yi a fuskar shugabansu daidai lokacin da ya leƙo. Amma da rana ta karkata sai ta ga ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na zuwa ƙofa yana dawowa. Wani ya yi fito a waje, ya yi kamar bai ji ba.

"Je ka, Babana."

"A'a, ai gobe za ki tafi."

"Je ka, suna jiranka. Ina nan har ka dawo."

Bai bari ta faɗa sau uku ba. Ta tsaya a taga, wurin Inna, tana kallon bayansa har ya sha kwana, shi da Gajere da wani wanda ta ce a ranta watakila shi ne Mai Kunne.

Ranar Litinin ta shiga aji da gajiyar hanya a jiki. Kafin ta ajiye littattafai ta nemi Lauya da ido ta ce, "Rannan na daka maka tsawa ba ka yi laifi ba. Tambayarka mai kyau ce." Yaron ya sosa ƙeya ya sunkuyar da kai. Suka koma kan aikinsu. A ƙarshen zango yawancinsu sun iya ɗaukar rubutu biyu su fitar da sakin layi ɗaya na kansu, har su faɗi wanda suka fi yarda da shi da dalili. Wasu kuwa har yanzu layin farko da na ƙarshe suke kwafowa, sai dai sun koyi sauya kalma ɗaya ko biyu.

Maganar dawo da ita kusa da gida ba ta yi ba. Shugaba ya kira ta ofis ya ce an amsa, an ce babu gurbi bana, a sake nema baɗi. Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, ta fita ta tsaya a baranda har idonta ya washe, sannan ta wuce aji na gaba.

Waya ta ɗan canja, ba sosai ba. Wata rana yakan ba ta labari har Inna ta yi tsaki ta tafi ta bar masa wayar. Yawancin ranaku kuwa gajeriyar gaisuwa ce. Malama ta koyi sunayen mutanensa ɗaya bayan ɗaya, amma kafin ta gama riƙe su sai wani sabo ya shigo, wani ya ɓata da wani, ta sake zama a baya.

Wata Laraba da azahar tana ɗakin malamai tana duba takardun gwaji, wayarta ta yi ƙara. Lambar Inna ce. Ba a saba kiranta a wannan lokaci ba. Ta fita da sauri tana neman inda waya ke kamawa.

"Umma, ni ne."

"Babana! Lafiya? Inna fa?"

"Lafiya. Yau da wuri aka tashe mu. Biro ne ya fashe mini a aljihun farar riga. Me ake sawa?"

Ta jingina da bango. "Kada ka sa ruwan zafi. Ka matsa lemun tsami a wurin, ka barbaɗa gishiri, ka bar shi ya jiƙa. Kada ka cuɗa da ƙarfi, zai bazu. In ya sha sai ka wanke da ruwan sanyi."

"Lemun tsami, gishiri, ruwan sanyi. To. Na gode, Umma."

Ya kashe. Ta san akwai Inna a tsakar gida, akwai tela a bayan kantin magani, kowaccensu ta san maganin tawada. Ba ta samu ta tambaye shi wace rigar ba ce, sabuwar ko mai gajeren hannu. Ta tsaya da wayar a hannu, rana na dukan filin makaranta, wasu yara biyu na tsere zuwa famfo. Aka buga ƙararrawa. Ta koma ta tattara takardun, ta ɗauki alli, ta nufi aji biyu.